Murhun da Ruwa Zai Ci

"Ƙanena, kai za ka cike ramin," in ji shugabarmu, tana loda kayan tarihin da muka tono a mota. "Mu mun wuce birnin Denver, taron masanan tarihi na duniya. Jefa murfin kwalba a ƙasan, mai tono na gaba ya san an riga shi."

"Wa zai yi tono ƙarƙashin dam?" na ce.

"Kifi mana!" in ji ta. Abokan aikina suka kwashe da dariya, motar ta tashi.

Tun bazara nake share tsohon murhun nan da buroshi. Jibi za a sako ruwan sabon dam, ya shanye wurin. Na ɗaga shebur, na kasa binne shi. Sai na tsinto itace, na hura wa murhun wutar da ya rabu da ita dubban shekaru. Na dafa gahawa, na zuba kofi biyu, na ajiye ɗaya a wancan gefen, na mai murhun na dā.