Muryar da Ba Ta Tambayi Jikin Tsohuwa Ba

An yi wani mutum mai kula da kwamfutocin wani asibiti. Tsohon likitan da ya kafa asibitin shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, shi ya sa shi a makaranta, don haka mutumin bai taɓa kiran sunan likitan ba, bai kuma taɓa haɗa ido da shi ba. Mutum ne mai tsantseni a wajen aiki. Shi ke tara ma'aikata yana ja musu kunne cewa ko uban da ya haife su ne ya nemi lambar sirri ta waya, kada su bayar.

Ran nan likitan ya yi tafiya, sai ga saƙon murya ya shigo wayar mutumin da hantsi. Muryar tsohon ce sak, har da ɗan tarin nan da yake yi kafin ya soma magana. Wai a turo masa lambar sirrin babbar kwamfuta, zai duba bayanan wani majinyaci. Abu ɗaya ya tsaya wa mutumin a rai: tsohon ba ya shiga zance sai ya tambayi jikin mahaifiyar mutumin, yau kuwa bai tambaya ba. Ya ɗauki waya zai kira, ya ajiye. Da wane baki zai ce wa wanda ya raine shi, "Baba, anya kai ne?" Sai ya tura.

Kafin la'asar kwamfutocin asibitin duk sun kulle. Ashe ɓarayi ne suka tsinci muryar tsohon daga wani jawabi da ya yi a rediyo, suka ƙera irinta da na'ura. Ba a iya ganin sakamakon gwaji, ba a san maganin da kowa ke kai ba. Wata mata da aka shirya yi wa tiyata, dole aka ɗauke ta zuwa wani asibiti mai nisa. A hanya ta cika.

Da tsohon ya dawo bai yi faɗa ba. Sai dai ya ce, "Ɗana, da ka tambaye ni, da na ji daɗi." Mutumin bai bar aikin ba, amma har yau in zai wuce ɗakin tiyata sai ya zagaya ta baya. Ladabin da ya tanadar wa ubangidansa, ashe ga ɓarawo ya miƙa shi. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce, jin kunyar mara kunya asara ce.