Samurain Alhaji Rabi'u

Tun daga unguwarsu ta Edgbaston a Birmingham Alhaji Rabi'u yake gyara zaman hularsa a madubin mota. Shekara tara ke nan yana shugabancin ƙungiyar 'yan Arewa mazauna Birmingham da Manchester. Yau za a yi zaɓe a unguwar Levenshulme da ke Manchester, kuma Gamaliel, wani injiniya mai baki, ya fito neman kujerarsa.

Ubaidullah, sakataren ƙungiya, shi ke tuƙi. A baya Hanan, 'yar Alhaji, tana bitar jawabin da za ta gabatar a jami'a kan Japan da Turai a zamanin da.

"A Turai, Baba, barde yakan durƙusa ya yi wa ubangidansa rantsuwa, amma da sharaɗi. In ubangida ya saɓa alkawari, sai barden ya kama gabansa. Samurai kuwa, mayaƙin Japan, an ce biyayyarsa har mutuwa."

"Kin ji mutanen kirki!" in ji Alhaji. Ya dafa kafaɗar Ubaidullah. "Ga nawa samurain. Su Gamaliel ai Turawa ne."

"Da saura, Baba."

"Ya isa haka."

Da suka tsaya sallar azahar a hanya Ubaidullah ya miƙo wasu takardu, Alhaji ya sa hannu yadda ya saba, ko tabarau bai nema ba.

A zauren taro kowa ya shigo sai ya russuna wa Alhaji, sannan ya zagaya ya yi ƙus-ƙus da Ubaidullah. Abin ya yi wa Alhaji daɗi. Mutane sun san girmansa, ba sa damunsa da ƙananan maganganu.

Gamaliel ma ya tsaya da Ubaidullah wajen shayi, bai fi minti biyu ba. Ana buɗe taro ya miƙe ya ce ya janye. Aka ɗauki tafi, wasu da kabbara. Alhaji ya share ƙwalla da hannun riga.

Sai ya karɓi lasifika ya ba da umarninsa na farko: bana a Birmingham za a yi walimar shekara.

Idanu suka tsallake kafaɗarsa zuwa kujerar da ke bayansa, inda Ubaidullah ke zaune. Can wani dattijo ya ce, "Za a duba, Shugaba." Haka aka ce masa bara, da bara waccan.

Ya zauna, har yanzu zuciyarsa fari ƙal. Ya karkato wajen 'yarsa, yana son ƙarin yabon Japanawa.

"Ɗazu kin ce da saura."

Hanan ta rage murya.

"Su ba sa tsige sarki, Baba. Shekaru ɗaruruwa suna bar masa gadonsa da manyan riguna, ana ta faɗuwa gabansa. Shugaban samurai ne ke mulki, wani lokacin ma shi ke zaɓar wanda zai zauna."