Hannun Baba a Kan Sirdi

Ina da shekara goma sha ɗaya samarin unguwarmu ta Hindawiyya suka shirya tseren keke na hawan tudun da ke bayan gidajenmu, don a tara wa wasu marayu taimako. Sati biyu na yi ina hawan tudun nan bayan an tashi daga makaranta, har na san daidai inda numfashi ke yankewa. Baba mai gyaran keke ne, shi ya sa mini sabuwar kaca da hannunsa.

Ranar tseren, bayan la'asar, muka jeru a gindin tudun. Can sama, inda za a ƙare, motar 'yan sanda ce a tsaye, sun zo tare hanya ne kawai. Mu kuwa baƙi ne a ƙasar, igamarmu, takardar izinin zama, ta daɗe da ƙarewa, ubangidan Baba bai sabunta ba.

Aka busa usur. Na taka feda, keken ya ƙi motsi. Da na waiwaya, sai na ga hannun Baba damƙe da sirdi, yana warin baƙin mai.

"Baba, sake ni! Wallahi zan wuce su duka!"

"Na sani, yarona," ya ce, idonsa na kan motar. "Shi ya sa. Wanda ya zo na ɗaya, shi ake tambaya ɗan wane ne."

Ina tsaye yaran da nake tsere wa kullum suka haye suka bar ni.

Yau tasi nake ja, takarduna a cike. Amma duk na zo tudun nan, sai ƙafata ta saki totur da kanta, in ji warin man nan a bayana.