Muryar Iya a Waya

Tun da wayoyi suka fara magana da muryoyin waɗanda suka rasu, Tabawa ba ta da sukuni. Yau mai ɗigon rigakafin shan inna na ta sallama a zaure, ita kuwa sai kai-komo take, ɗa a goye, waya a kunne.

"Kada ki kuskura a ɗiga masa," in ji muryar marigayiya Iya, mahaifiyarta, har da tarin nan nata. "Ni da ƙafata na riƙa gudu da ke gona ina ɓoye ki."

Tabawa ta tsaya cak. Ta dubi keken guragun da Iya ta ƙare rayuwarta a kai, yana tsatsa a gindin katanga. Iyar da cutar shan inna ta shanye wa ƙafafu tun tana yarinya, yaushe ta taɓa gudu?

Ta kwance goyon. "Shigo, Malama."

Wayar ba ta fasa kiran sunanta ba.