Ruwan Baƙo a Kan Dandamali

"Ranka ya daɗe, hawo mana!" in ji jagorar 'yan wasa, tana miƙa masa hannu.

Mai kamfanin jima ya hau dandamali yana washe baki, 'yan jarida na ɗaukarsa. Shi ya ɗauki nauyin wasan, don a daina cewa dagwalon kamfaninsa ya kashe rafin unguwa. Ɗazu ma ya rantse ruwan garau yake.

Ita kuwa ƙanwarta take tunawa. Ruwan rafin nan ƙanwar ta sha, yau wata uku da binne ta.

"Wasanmu ba a rubuce yake ba, nan take muke ƙirƙira," ta ce. "Doka ɗaya ce: duk abin da abokin wasa ya miƙo maka, ba ka cewa a'a."

"Wannan ai mai sauƙi ne."

"To, kai baƙo ne, ni matar gida a bakin rafinmu." Ta durƙusa, ta miƙa kofi da hannu biyu. "Sannu da hanya. Ga ruwa, yanzu na ɗebo."

Murmushinsa ya ɗauke. Ta kai kofin har bakinsa. Ya kaɗe shi.

"Kin haukace ne? Guba za ki ba ni? Ko karena ba zai sha ruwan nan ba!"

Wayoyin 'yan kallo duk a sama, suna ɗauka.

Ta ɗago robar ruwan da ta ɗauke daga teburinsa, saura rabi.

"Ruwanka ne na zuba a kofin, ranka ya daɗe. Amma mun gode. Shekara guda muna rubuta wannan magana, ba wanda ya karanta."