Lambar Da Khalilu Ya Cire

Karo na uku ke nan tun hantsi Khalilu yana goge saƙon da wata baƙuwar lamba ke sakawa.

Shi ne mai kula da zauren WhatsApp na manoman Makoda, mutum ɗari biyu da 'yan kai. Bara wani ya saka mahaɗar intanet ta ƙarya, aka ƙwace wa mutum tara lambobinsu, har da limamin unguwa. Tun daga ranar Khalilu ya kafa doka: duk sanarwar sabuwar manhaja ta hannunsa za ta bi, shi zai liƙa ta a saman zaure. Wanda ya saka da kansa, a goge ba tare da an buɗe ba.

Yau kuwa ranar ce. Ƙungiyar da ke raba irin gyaɗa za ta rufe rajista da la'asar, kuma sai ta manhaja ake yi. Ramlat, 'yar Ɗambatta da ta haɗa manhajar, ta yi alkawarin turo masa mahaɗar da sassafe. Ya kira ta sau bakwai, waya a kashe. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, gonaki a share suna jiran iri.

Baƙuwar lambar ta sake saka mahaɗa, wannan karon da saƙon murya. Hoton rago ne a kanta, ba suna. Bai saurara ba, ya goge.

"Malam Khalilu, ko mu gwada ta?" in ji Abdussalam mai injin niƙa a zauren. "Ka dai san iri ba ya jiran doka."

"Kada kowa ya taɓa. Haka aka yi mana bara."

Sai lambar ta kira shi. Ya san salon: su gaishe ka da ladabi, sannan su ce karanto mana lambobin da suka shigo wayarka. Ya katse, ya toshe ta, ya cire ta daga zauren gaba ɗaya.

Bayan azahar ya kasa zama. Ya hau babur ya nufi Ɗambatta, yana tsayawa a hanya yana duba waya. A gidan su Ramlat aka ce tana kara, wurin mahaifinta mai sayar da dabbobi. Yana kutsawa tsakanin tumaki aka kira sallar la'asar.

Ya same ta a rumfa, ido jawur, riƙe da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi.

"Haba Ramlat! Mutum ɗari biyu fa!"

"Tawa ta faɗa kwamin ruwan dabbobi tun asuba," ta ce. "Sau huɗu na saka muku da wayar Baba. Malam Khalilu, don Allah wane ne a zaurenku yake ta gogewa?"