Injin Bokiti Mai Suma

Yaran yanzu, da an ba su kujera mai juyawa sai kansu ya juya tare da ita. Ba su iya gaisuwa ba, ba su iya tambaya ba, amma sun iya nuna babba da yatsa. Ɗan maigidan masana'antar bokitin roba irinsu ne. Wata biyu da zamansa manaja ya ba Baba Mai Wuta mako guda: ko ya gano abin da ke kashe babban injin, ko ya kwashe sukudirebobinsa ya kama gabansa.

Shekara ashirin da shida Baba yana wannan aiki, kuma a ɗakin da ke bayan masana'antar ya aurar da 'ya'yansa uku. In aikin ya tafi, ɗakin ma ya tafi.

Injin kuwa ya zama ɗan iska. Yana cikin tofo bokitai sai ya ɗauke numfashi, narkakkiyar roba ta daskare masa a maƙogwaro, a yi rabin yini ana sassaƙe ta. In Baba ya zo da mitarsa, wuta lafiya lau. Ya ɗaure kowace waya, ya canja fis, ya kori ɓeraye. Har babban akwatin wutar, wanda manaja ya sa aka ɗauke daga kan ginshiƙi aka maƙala a bangon katakon ofishinsa don a sami wurin ajiye sababbin kujeru, ya bi shi ƙusa-ƙusa. Bai ga komai ba.

Kullum manaja zai fito da turarensa, ya zazzage wa wani ma'aikaci buhun zagi, ya koma ofis, garam! A cikin ƙarar injuna ba mai jin rabin abin da ya faɗa. Makon da ya tafi taro injin ko tari bai yi ba, kuma da ya dawo wannan ya riƙe hujja.

"Ka gani ko, tsoho? Sai ina nan kake kashe shi, don ka kunyata ni a gaban mahaifina."

"Ranka ya daɗe, da na iya kashe shi da gangan, ai da na iya tayar da shi."

Don ya kama tsohon dumu-dumu, manaja ya ɗauko wata injiniya daga waje. Ta zo da wata na'ura mai kama da ƙaramar jaka, ta maƙala mata hannaye a wayoyin akwatin. A allonta wuta na tafiya tana hawa da sauka kamar maciji a yashi.

"Baba, mitarka sai kana tsaye take gani," in ji ta. "Wannan ba ta ƙiftawa, ba ta zuwa cin abinci. Ko wuta ta yi tuntuɓe na ƙiftawar ido, za ta zana shi ta rubuta lokacin."

Baba ya dubi jakar kamar yadda ake duban mai shaidar zur. Kwana uku yana zagaya ta, ko gaishe ta ba ya son yi.

Sau huɗu injin ya suma. Injiniya ta buɗe zanen, Baba na leƙe ta kafaɗarta. Wutar da ke shigowa daga waje sumul take. Amma a siririn layin da ke riƙe makunnin injin, macijin ya tsinke, ya haɗe, ya sake tsinkewa, kamar haƙoran mai jin sanyi.

"Goma da minti goma, ran Talata. Me ake yi?"

"Ni aka gama zagi," in ji Baba.

"Sha biyu da rabi fa?"

"Direba."

"Laraba, uku saura kwata?"

"Mai shara, baiwar Allah. Har da kuka."

Manaja ya yi tsalle kamar an yi masa bushara. "Shi ke nan! Duk wanda na yi wa faɗa sai ya rama a kan injin. Ƙungiya ce, kuma tsohon nan ne shugabanta!" Nan take ya kira mahaifinsa.

Baba ya fara tunanin inda zai kai tsohuwarsa da gadonta.

Maigida ya iso yana dogara sanda. Injiniya ba ta yi dogon bayani ba. Ta sa aka tattara ma'aikata duka a tsakar masana'anta, har Baba, kowa ya ɗora hannu a ka, nesa da kowace waya. Aka tayar da injin. Sannan ta ɗora tafin maigida a jikin akwatin wutar, ta ce, "Maigida, don Allah ka faɗa wa ɗanka wata magana da ba zai so ji ba."

Maigida bai sha wahalar nema ba. "Kai, motar nan da ke hannunka, gobe ka miƙa wa ƙanwarka makulli."

Yaron ya kumbura, ya buɗe baki, ya tuna da wa yake magana, ya haɗiye. Ya juya ya nufi ofis kamar zai tsaga ƙasa. Bayan daƙiƙa uku akwatin ya yi tsalle a ƙarƙashin tafin maigida, macijin da ke allo ya tsinke, injin ya ɗauke numfashi, ga ma'aikata tsaye da hannuwa a ka.

Washegari Baba ya mayar da akwatinsa kan ginshiƙi yana waƙa ƙasa-ƙasa. Manaja kuwa kujerarsa na nan, turarensa na nan, sai dai har yau duk wanda ya wuce yana ganin abin da yake ci da rana, don kafinta ya kwance ƙofar ofishin da yake bugawa, ya fita da ita a ka.